Wa Ya Gwada Maganin Nan Kafin A Ba Ka?

 

Yau za mu tattauna ne a kan binciken lafiya da jami'o'i ke ɗaukar nauyinsa, irin wanda ake ɗaukar magani ko wata dabarar jinya a gwada a jikin mutane, a bi su wata da watanni, a ƙirga, a ga ko abin yana aiki. Na san akwai wanda da ya ji an ce gwaji a jikin mutum gabansa ya faɗi, musamman Bakanon da ya riga ya yi wayo a 1996. Za mu zo kan wannan, ba zan tsallake shi ba. Amma ku ba ni aron kunnuwanku tukuna, mu fara da amosanin jini, wato sikila.

Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila a duniya. Ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita kowace shekara. Iyayen waɗannan yara sun san ciwon ƙashi, sun san kwanan asibiti, sun san neman jini da tsakar dare. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sikila tana kawo wa ƙananan yara shanyewar ɓarin jiki, cutar da muka saba gani ga tsofaffi masu hawan jini. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya kwanta lafiya, ya tashi hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace. In ba a yi rigakafi ba, kusan 11 cikin kowane 100 na masu sikila suna gamuwa da wannan kafin su cika shekara 20.

Tun a 1998 likitoci a Amurka suka nuna hanyar kauce masa. Akwai wata na'ura, 'yar uwar ta sikanin da ake yi wa masu juna biyu, ana ɗora ta a gefen kan yaro ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, to jijiyar ta tsuke, yaron yana bakin haɗari. Suka gano cewa in ana yi wa irin wannan yaro ƙarin jini kowane wata, haɗarin yana raguwa da kashi 90 cikin 100. Madalla, amma fa a Amurka. Duk wanda ya taɓa zagaya dangi da abokai yana roƙon wanda zai ba da leda ɗaya ta jini, ya biya kuɗin gwaji, ya biya na gado, ya san abin da ake nufi in aka ce a riƙa yin haka duk wata, shekara da shekaru. Ilimin ya samu, amma bai yi wa talakan Kano ko Maraɗi amfanin komai ba.

Sai likitocin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda Farfesa Michael DeBaun yake, suka yi tambaya: shin akwai ƙwayar da yaro zai riƙa sha a gida ta yi wannan aiki? Akwai wani tsohon magani, haidiroksiyuriya, wanda asali don ciwon daji aka yi shi, daga baya aka gane yana sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa. Daga 2016 zuwa 2018 aka shigar da yara 220, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗari, a asibitoci uku: na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna. Aka raba su gida biyu. Yara 109 suka riƙa shan ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jikinsu a rana, 111 kuma suka riƙa shan ninkinsa. Ku lura, cikin waɗannan yara babu wanda aka bari haka nan ba magani don kawai a sami abin kwatantawa.

Sakamakon ya fito a mujallar likitoci a farkon 2022, sunan Dakta Shehu Abdullahi na Kano ne a kan gaba cikin marubutan. Yara 3 ne suka sami shanyewar jiki a rukunin farko, 5 a na biyu, bambancin da bai wuce na sa'a ba. A duka rukunonin abin bai kai yara 2 cikin 100 a shekara ba, alhali a binciken Amurka na da, yaran da ba a yi wa ƙarin jini ba wajen 10 cikin 100 ne ke faɗuwa duk shekara. Ba yara ɗaya ba ne, ba zamani ɗaya ba ne, saboda haka ana kwatantawa da taka-tsantsan, amma tazarar babba ce. An kuma ga cewa masu shan babban awo sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Ga abin da likita a Zariya ko Damagaram zai iya aiki da shi gobe da safe. Sai dai kada wani ya ji wannan ya ruga kyamis ya sayo wa ɗansa. Maganin yana iya rage ƙwayoyin jini, dole likita ya rubuta, a riƙa awon jini lokaci-lokaci.

To me ya sa sai jami'a? Kamfanin magani ɗan kasuwa ne, kuma ba laifi ba ne, yawancin sababbin magunguna daga hannunsu suke fitowa. Amma ɗan kasuwa ba zai zuba miliyoyi ya gwada maganin da ya shekara hamsin a kasuwa, wanda kowane kamfani ke da izinin yi, har a Najeriya ana sarrafa shi ba. Balle kuma a ce amsar da za a samu ita ce rabin awo ma ya isa. Irin wannan tambaya sai wanda ba ya jiran riba daga amsar. In aka ce jami'a ce ta ɗauki nauyin bincike, ana nufin ita ta tsara shi, ita ke da alhakin lafiyar waɗanda suka shiga, ita za ta amsa tambaya in wani abu ya faru, ita kuma za ta bayyana sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kuɗin kuwa galibi daga gwamnatoci da gidauniyoyi yake zuwa. Na yaran sikila, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ce ta bayar.

Ku tuna lokacin korona. A watan Maris na 2020 jita-jita ta cika gari cewa kulorokwin yana maganinta, mutane suka yi ta saye, har hukumomin lafiya a Legas suka ba da sanarwar an kawo waɗanda suka sha ya wuce kima. A wannan watan ne Jami'ar Oxford ta Ingila ta fara wani babban gwaji a asibitocin Birtaniya, ƙarƙashin Farfesa Peter Horby da Farfesa Martin Landray. Kafin wata uku suka ce ɗan uwan kulorokwin ɗin nan da ake ta yayatawa ba ya hana mutuwa ga waɗanda ke kwance a asibiti. A ranar 16 ga Yuni kuma suka bayyana cewa deksametason, tsohon magani mai arha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda aka sa wa na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan iskar oksijin. Mutum 2,104 aka ba shi, aka kwatanta su da 4,321 da suka sami jinyar da aka saba. Waɗanda numfashinsu bai yi tsanani ba kuwa, bai amfane su ba. Wannan deksametason shi ne wanda wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, yana jawo musu hawan jini da ciwon suga, kuma ina roƙonsu su daina. A wurina amsar kulorokwin ba ta gaza ta deksametason daraja ba. Likitan da ya san abin da ba ya aiki ya huta da ɓata kuɗin mara lafiya da lokacinsa.

Wani zai ce, me ya sa sai an raba mutane gida biyu? A ba kowa maganin mana, in sun warke an gani. Matsalar ita ce mutane da yawa suna warkewa ko an ba su magani ko ba a ba su ba, wasu kuma suna rasuwa duk abin da aka yi. Manomin da ya sami sabon taki, ya zuba shi a fadama, ya zuba tsohon a jigawa, in amfanin fadama ya fi yawa bai san ko takin ne ko ƙasar ba. Haka likita, ko bai yi niyya ba, zuciyarsa za ta karkata ya ba sabon magani ga wanda yake ganin zai tashi. Saboda haka ake yin ƙuri'a, kwamfuta ce ke jefa kowa rukuninsa. Sau da yawa ma ana yin ƙwayoyin kamanni ɗaya, mara lafiya bai san wanne yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, sai an gama a buɗe. Akwai kuma wani kwamiti na daban, ba sa cikin masu binciken, suna leƙa alƙaluma a tsakiyar tafiya. In suka ga wani rukuni yana cutuwa, ko amsa ta riga ta fito, sai su ce a tsaya. Binciken yaran sikila ma an tsayar da shi kafin wa'adinsa, da aka ga ci gaba ba zai canza amsar ba.

Ba kullum ne ake gwada magani ba. Gwajin da ya fi burge ni cikin 'yan shekarun nan babu sabuwar ƙwaya ko ɗaya a cikinsa. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma mu nan ba sai an ba mu labari ba, kusan kowane gida akwai wadda aka rasa ta haka. Babbar matsalar ita ce ma'aikaciyar jinya da ido take ƙiyasta jinin da ya zuba, ido kuwa yana raina jini, wani ya jiƙe a zane, wani ya bi ƙasa. Kafin a farga mace ta galabaita. Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shirya gwaji a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi mata fiye da 200,000. A Najeriya Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta ja ragamar aikin. Abin da aka kawo wata leda ce da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, tana da aljihu mai layukan awo, jinin yana taruwa a ciki ana gani. Da ya kai layin haɗari, ba a bin matakai ɗaya bayan ɗaya ana jiran a ga ko na farko zai yi. A take ake murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, in abin ya faskara a kira babban likita. A nan asibitoci aka yi wa ƙuri'a, rabi suka ɗauki sabon tsari, rabi suka ci gaba yadda suka saba.

A 2023 aka fitar da sakamako. Inda ake aiki da ido, rabin masu zubar jini kawai ake ganowa, 51 cikin 100. Inda ake shimfiɗa ledar, 93 cikin 100. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya sauko daga mata 43 cikin 1,000 zuwa 16, ragin kashi 60 cikin 100. Duk magungunan nan dama suna cikin asibiti. Abin da ya canza shi ne lokacin da aka farga da kuma saurin hannu. Mai gida, in ka kai iyalinka awon ciki, ba laifi ka tambaya ko ɗakin haihuwarsu yana amfani da wannan leda.

Akwai wasu gwaje-gwajen da dama, zan ɗan taɓa su in wuce. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, wanda aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, a Jami'ar Oxford aka ƙirƙiro shi. Ya bi matakan da kowane sabon magani ke bi: da farko manya kaɗan don a ga ko yana da illa, sannan yara 450 a Nanoro ta Burkina Faso ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, sannan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. 'Yan uwanmu na Nijar kuma, a yankin Dosso ne Jami'ar California da ke San Francisco ta gwada ba ƙananan yara maganin azitiromaisin sau biyu a shekara, aka ga mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100, kodayake masana suna gargaɗin cewa yawan raba irin wannan magani yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa. Har ciwon damuwa an taɓa. A Harare ta Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Aka gwada a kan mutum 573. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna da dattawan wajen 14 cikin 100 ne suka rage da alamun ciwon, a rukunin da bai zauna da su ba kuwa rabi.

Yanzu mu zo kan 1996. A shekarar annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara wajen 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma yara da yawa suka shanye a sanadin wannan tsaiko.

Kada kuma a ɗauka sunan jami'a kaɗai ya isa shaida. A Alabama ta Amurka, daga 1932 har 1972, hukumar lafiya ta gwamnati tare da kwalejin Tuskegee suka bi baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere, suka ɓoye musu cutarsu, suka ƙi ba su magani ko bayan da aka sami fenisilin, don kawai su ga yadda ciwon ke cin jiki. Sai a 1997 shugaban Amurka Bill Clinton ya nemi gafara. Malamin jami'a shi ma mutum ne, yana son ƙarin girma, yana son sunansa a mujalla, yana son a sabunta masa tallafi. Abin da ke tsare jama'a shi ne doka da sa ido. A duniya akwai yarjejeniyar Helsinki ta 1964. A Najeriya tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, da kwamitin ƙasa da ke kula da shi, kuma kowane asibitin koyarwa yana da nasa kwamitin da dole ya amince kafin a taɓa mutum ɗaya. In magani ne za a gwada, sai hukumar NAFDAC ta ba da izini.

To in an tare ki a asibiti, Hajiya, ko kai Malam, aka ce ana neman ka shiga bincike ko ka sa ɗanka, me za ka yi? Abu na farko, ka tabbata an faɗa maka ƙarara cewa bincike ne, kuma an yi maka bayani da harshen da kake ji. Ka tambaya wace jami'a ce ko wane kamfani, wane kwamiti ya amince, me za a ba ni, in ban shiga ba wace jinya zan samu, wace illa aka sani, in na cutu wa zai biya kuɗin magani. In za a ɗebi jini, ka tambayi yawansa, da inda za a kai shi, da abin da za a yi da ragowar. Akwai takardar amincewa, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka ita gaba ɗaya, in ba ka karatu ka zo da wanda ka yarda da shi ya zama shaida. Kana da damar cewa sai na je gida na yi shawara. Matar aure za ta so ta shawarci mai gidanta, wannan daidai ne, amma a ƙa'ida amincewar da ake nema tata ce, ba mai amincewa a madadinta. Yaron da ya yi wayo shi ma ana jin ta bakinsa bayan iyaye sun yarda. In ka ce a'a, ba wanda ke da ikon rage maka kulawa, in ka shiga kuma kana iya fita ranar da ka ga dama ba tare da ka kawo dalili ba. Kuɗin mota da na abinci ana bayarwa, wannan ba komai. Amma in kuɗin ya yi yawan da zai sa ka rufe ido a kan haɗari, ko aka ce kai ne za ka biya don a sa ka, ko aka ce lallai sai yau, to ka ja da baya.

Ina da ƙorafi guda ga malamanmu na jami'a, kuma da girmamawa nake yi. Uwa ta yi shekara biyu tana kawo ɗanta duk wata, ta bar sana'arta, ta jure layi. An gama, an buga sakamako da Turanci a mujallar da ba za ta taɓa gani ba, an je taro a Turai an tafa. Sau nawa ake komawa a tara irin waɗannan iyaye a ce musu ga abin da muka gano da taimakonku? Haƙƙinsu ne. Gidajen rediyo suna nan, masallatai da makarantun Islamiyya suna nan, ku zo ku faɗa da Hausa. Gwamnatocinmu kuma, muddin daga waje kuɗin bincike ke zuwa, to a can za a riƙa zaɓar tambayoyin da za a yi, kuma in bincike ya nuna abu yana aiki, sayen ledar da ƙwayar ya rage naku.

Masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Mai ɗa ɗan sikila tsakanin shekara 2 zuwa 16, a je asibitin sikila mafi kusa a tambayi awon gudun jinin ƙwaƙwalwa, sau ɗaya ake so a yi shi duk shekara. Wanda kuma aka gayyata bincike ya amince, ya karɓi kwafin takardar da ya sa wa hannu, da lambar wayar da zai kira in wani abu ya taso, ya adana su a gida.